Daga Agege zuwa zangon Kumasi: yadda na shirya tafiya aikin sa-kai a shekarar jiran jami'a

Tun da na dawo daga ƙasar Gana matasa da dama a unguwarmu ta Agege, har ma da wasu iyaye, suke tare ni da tambayoyi kusan iri ɗaya: ta ina ake bi, nawa ake kashewa, kuma mene ne ribar tafiyar da ba albashi ake biya ba. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci bayan sallar isha'i, shi ya sa na ga ya dace in zayyana komai daki-daki, domin wanda zai bi wannan hanya a bayana ya san abin da ke gabansa. Na kammala sakandare a shekarar 2024, sakamakon WAEC ya yi kyau, amma makin da na samu a JAMB bai kai na kwas ɗin da nake nema ba. Ke nan shekara guda cur ta buɗe a gabana, ba makaranta, ba wata sana'a tawa ta kaina, sai dai bin mahaifina zuwa kasuwar Mile 12 inda yake dillancin kayan gwari, in zauna a gefe ina kallon yaran shago suna yin aikin da ba a bukatar hannuna a ciki.

Da na fara bincike a intanet sai na gane cewa manyan shirye-shiryen aikin sa-kai da ake ji da su ba na irina ba ne. Shirin tallafin ƙwararru na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1987, likitoci da malamai da injiniyoyi yake turawa ƙasashen waje, shi kuma na matasan Tarayyar Afirka da aka ƙaddamar a Abuja a 2010 sai wanda ya yi karatun gaba da sakandare. Abin da ya rage wa mai takardar sakandare shi ne ƙananan ƙungiyoyi, kuma a nan ne haɗarin yake, domin tallan tafiya Gana ya cika kafafen sada zumunta, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ji labarin matasan Najeriya da aka yaudara da sunan aiki, aka ƙwace musu waya da takardu bayan sun isa. Hanyata ta buɗe ne ta hannun malaminmu na Islamiyya, wanda wani tsohon abokin karatunsa yake cikin masu tafiyar da wata ƙaramar ƙungiya a Kumasi, mai koyar da yaran zango karatu da lissafi da yamma. Duk da wannan sanayya Malam bai yarda mu tsaya ga maganar baka ba. Ya sa na nemi su turo kwafin takardar rajistarsu da hukumomin Gana, da wasiƙar gayyata mai ɗauke da sunana, da tsawon zaman, da gidan da zan sauka, da bayanin abin da suka ɗauke da abin da ke kaina. Sun turo duka ba tare da jan rai ba, kuma ba su nemi ko kwabo a hannuna ba. Masauki da abincin dare nasu ne, kuɗin mota da takardu da sauran hidima nawa.

Matakin da ya fi kowanne nauyi ba a ofis aka yi shi ba, a tsakar gidanmu aka yi. Baba yana da dalilinsa na ƙin jin sunan Gana, domin mahaifinsa fataucin goro ya yi a can, kuma yana cikin waɗanda suka baro dukiyarsu a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama makonni biyu su fice. Baba kuma ya shaida da idonsa yadda aka kori 'yan Gana daga Legas a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. A wurinsa baƙo a ƙasar wani ba shi da tabbas ko da ya shekara hamsin. Ban yi gardama da shi ba, Malam ne ya zo gida da kansa suka zauna, sannan aka kira shugabar ƙungiyar ta bidiyo, Baba ya ga fuskarta, ya ga ajin, ya yi magana da dattijon da zan sauka a gidansa. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ya ce: “Na amince, amma da sharaɗi. Kowace takarda da ƙafarka za ka je ka karɓo ta, ba zan ba ka yaro ya raka ka ba, ba kuma zan kira kowa ba. In ka iya wannan, ka iya tafiyar.” Na ce: “To, Baba, Allah ya ƙara girma.” A lokacin na ɗauka tsanani ne kawai, daga baya na fahimci cewa tafiyar daga nan ta fara.

Na soma da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, saboda yanzu duk bayanin da zai hau fasfo daga can ake janyo shi, kuma idan harafi ɗaya ya saɓa da na takardar haihuwa aikin tsayawa yake yi. Haka kuwa ta faru da ni, domin wanda ya yi mana rajista shekarun baya a wani shago ya rubuta sunan mahaifina da haruffan da suka bambanta da na takardar haihuwata. Gyaran ya ci kuɗi kaɗan, amma ya ci makonni, kuma babu abin da zai gaggauta shi sai haƙuri da yawan dubawa. A cikin wannan jira na nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ita ce ke rikita mu da aka haifa a Legas. A Agege aka yanke mini cibiya, amma takardar daga garin kakanni ake so, wato ƙaramar hukumar Kura ta jihar Kano. Kawuna ne ya bi layin a can, da sa hannun mai unguwa da na dagaci, sannan ya sa ta a ambulan cikin leda ya ba wani direban tirelar da ke sauke kaya a Mile 12. Da asuba na je na karɓe ta a gefen kwandunan tumatir, direban ya zaro ta daga aljihun ƙofar mota yana cewa: “Ga amanar Alhaji, ka duba ko ruwa ya taɓa ta.” Duk wanda iyayensa 'yan Arewa ne ya fara neman wannan takarda tun kafin komai.

Neman fasfon kansa a shafin hukumar shige da fice ake yin sa. Tun farkon 2024 mutum da kansa yake ɗora hotonsa da takardunsa, ya biya kuɗi, ya zaɓi ofis da ranar da zai je a ɗauki hoton yatsunsa. Hoton yana da ƙa'ida, farin bango da fuska a buɗe, kuma na'urar tana ƙin karɓar wanda bai cika sharaɗi ba, saboda haka gara a je wurin mai ɗaukar hoto da ya san aikin. Na biya naira 50,000 na mai shafi 32 da ke aiki shekara biyar, farashin da ya fara aiki a watan Satumban 2024, amma daga Satumban 2025 an mayar da shi naira 100,000, don haka a duba farashi a ranar biya. A lokacin akwai kuma takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ta fi araha kuma tana aiki shekara biyu a ƙasashen yankin, sai dai ni na zaɓi fasfo saboda zai yi mini amfani gaba. Legas tana da ofisoshin fasfo a wurare irin su Ikoyi da Festac da Ikeja, na zaɓi ɗaya daga cikinsu. Ranar da aka ba ni na fita bayan sallar asuba, duk da haka na tarar da mutane sun riga ni. Tun daga bakin titi wasu mutane da ba ma'aikata ba suka yi mini caa, kowa na cewa in ba ta hannunsa ba fasfona sai ya yi wata shida, wani ma da Hausa ya yi mini magana don in saki jiki. Na riƙe fayil ɗina na wuce. A ciki an karɓi takardar biyan kuɗi da ta alƙawarin rana, an duba asalin takardun da na ɗora, sannan aka ba ni lamba na zauna a kan benci har bayan azahar. Da aka kira ni ɗaukar hoton da yatsun ko minti goma bai kai ba. Jami'ar ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta ce in karanta sunana da ranar haihuwata da kyau kafin ta tura, kuma wannan ne lokaci na ƙarshe da gyara ke da sauƙi. Fasfon ya fito bayan wata ɗaya da 'yan makonni, ban ƙara wa kowa sisi ba.

Katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad, ya fi sauƙi. Ana cike bayani a intanet da lambar fasfo, a biya kuɗi kaɗan ta Remita, hanyar biyan kuɗin gwamnati, a buga rasit, sannan a kai ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, akwai shi a filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Ikeja. Nan take aka yi mini allurar aka ba ni katin. Abin lura shi ne katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bari sai ana gobe tafiya ya makara, amma daga nan kuma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Takarda ta ƙarshe ita ce shaidar kyakkyawan hali daga 'yan sanda, wadda ƙungiyar ta nema saboda aikin da yara ne. Ita ma a intanet ake fara ta, a biya, sannan a je Alagbon da ke Ikoyi a ɗauki zanen yatsu. Lokacin da suka nemi wannan takarda na ɗan ji nauyin kuɗin, amma ita ce ta ƙara kwantar wa Baba hankali, ya ce mutanen da ke tantance wanda zai zauna da 'ya'yansu ba 'yan damfara ba ne.

Biza ba a bukatarta, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar yankin damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90. Na tsara zamana ya ƙare ƙasa da haka, daga farkon Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Na sayi tikitin babbar mota mai zuwa Akra kai tsaye, kuɗinsa ya ɗan haura abin da na biya na fasfo, kuma na fifita ta a kan hawa ƙananan motoci tasha-tasha saboda ma'aikacin motar ne ke tattara fasfo ya kai a buga hatimi a kowace iyaka. Na canji sefa kaɗan don ruwa da abinci a Benin da Togo, da sidi na kwanakin farko, na raba kuɗin wuri uku, Umma kuma ta ɗinke wani kaso a cikin rigar da na sa. Mun tashi da sassafe ta hanyar Badagry, muka tsallaka a Seme, muka ratsa Kwatano, muka shiga Togo ta Hillacondji, sannan daga Lome sai Aflao, ƙofar Gana. Tafiyar ba nisanta ne ke gajiyarwa ba, tsayuwar iyaka ce. A ɗaya daga cikin shingayen hanya an ce sabon fasfo sai an biya masa wani kuɗi da ba rasit, na nuna wasiƙar gayyata da katin rigakafi cikin ladabi, na ce ni ɗalibi ne, bayan ɗan jinkiri aka bar ni. A Aflao an tambaye ni inda zan sauka da abin da ya kawo ni, wasiƙar ta amsa duka, aka buga mini hatimi, na kuma tsaya na karanta adadin kwanakin da aka rubuta a kai kafin in koma mota. Mun shiga Akra da dare, na kwana a Nima wurin wani ɗan uwan Malam, washegari na hau motar Kumasi.

A unguwar Aboabo na sauka, gidan wani dattijo da kowa ke kira Maigida. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda Hausa ke tashi a ko'ina cikin zango, a bakin Dagomba da Mosi da Zabarmawa da waɗanda kakanninsu suka zo daga Kano da Sakkwato ta hanyar fataucin Salaga, amma da zarar ka fita zuwa cikin gari sai harshen Twi. Da safe koko da ƙosai, da dare tuwon zafi, kiran salla daga kowace kusurwa, har mutum ya ɗauka bai bar gida ba. Sai dai a Agege ni ɗan Alhaji ne, duk inda na shiga an san ubana, a nan kuwa babu wanda ya san shi, abin da na yi da hannuna kaɗai ake gani. An ba ni aji na yaran da suka fara girma ba su iya haɗa baƙi ba, mafi yawansu masu talla ne ko masu dako a kasuwar Kejetia, suna zuwa bayan la'asar a gajiye. An damƙa mini rajistar suna, da makullin akwatin alli da littattafai, da ɗan kuɗin burodin da ake raba musu, kuma kowace Juma'a da yamma sai na zauna gaban shugabar ƙungiyar na yi lissafin kowane sidi. Ban taɓa riƙe makullin wani abu da wasu ke jira ba sai a nan.

Akwai wani yaro a ajin, ba zai wuce shekara goma sha biyu ba, mai saurin ɗaukar lissafi fiye da kowa, wanda kwatsam ya daina zuwa. Da na faɗa wa shugabar sai ta ce: “Ɗalibinka ne, Malam, kai za ka je ka gano.” Na bi kwatance har rumfar kawunsa, mahauci ne a bakin kasuwa, na tarar da yaron tsugune yana wanke kayan ciki a cikin baho. Kawun bai ɗago kai ba, yana ta sarar ƙashi, ya ce karatun yamma yana ɗauke masa yaro a daidai lokacin da ciniki ke kankama, kuma shi ne ke ciyar da shi tun rasuwar ubansa. Gaskiya ya faɗa, ban kuma zo da amsa a aljihu ba. Na durƙusa na gaishe shi yadda ake gaida manya, na ce: “Kawu, ban zo raba ka da shi ba, na zo ne in ji wane lokaci ya fi maka sauƙi.” Sai a sannan ya ajiye wuƙar ya dube ni. Muka daidaita cewa yaron zai riƙa zuwa kwana uku a mako bayan magariba, ni kuma in zauna da shi a zauren Maigida, sannan in koya masa rubuta bashin masu sayen nama a littafi, abin da kawun ya daɗe yana riƙewa a ka. Kafin in baro Kumasi yaron ne ke riƙe da littafin bashin rumfar. Duk abin da nake cewa tafiyar ta canza ni, a wannan rumfa na fara ganinsa, domin kafin nan ban taɓa zama gaban babba na nemi wani abu don amfanin wani ba, balle in saurari hujjarsa in rage tawa.

Ba duka kwanakin ne masu daɗi ba. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a tsakiyar zaman, kuma kuɗin asibiti da magani daga aljihuna suka fita, da ban ware wani abu don rashin lafiya ba da na shiga uku. Kewar gida takan taso ne da daddare, ga shi agogon Gana yana bayan na Najeriya da awa ɗaya, sau da yawa in na samu sarari Umma ta riga ta kwanta. Zamana ya kuma haɗu da babban zaɓen ƙasar na ranar 7 ga Disamban 2024, ƙungiyar ta gargaɗe mu baƙi da kada mu sa kaya masu launin wata jam'iyya ko mu tsoma baki a gardamar majalisa. Na zauna a gida na saurari rediyo tare da Maigida, na ji Mahamudu Bawumia, ɗan takarar jam'iyya mai mulki a lokacin, ya amsa shan kaye ya taya John Mahama murna washegari, tun kafin hukumar zaɓe ta bayyana sakamako. Ga matashin da ya tashi yana jin labarin zaɓe da ƙorafi da kotu, wannan ma karatu ne.

Na dawo Legas a ƙarshen Janairu ta hanyar da na bi, da wasiƙar shaidar aiki daga ƙungiyar. Canjin da mutanen gida suka lura da shi ba wani babba ba ne a ido: ina tashi ba a tashe ni ba, ina rubuta abin da na kashe, kuma Baba ya fara miƙo mini littafin lissafin kwanduna a kasuwa ba tare da na roƙa ba. A cikin raina kuwa kwas ɗin da nake nema ya canza, na koma neman fannin koyarwa, saboda na ga abin da awa biyu ta karatu ke yi wa yaron da ya wuni da kaya a ka, na kuma lura cewa irin waɗannan yara suna nan cike a Agege da Idi-Araba da Mile 12, na daɗe ina wuce su ban gan su ba. Ba na cewa sai an ƙetare iyaka ake samun wannan, wanda ba shi da hali zai iya farawa a Islamiyyar unguwarsu. Abin da nisa ke ƙarawa shi ne babu wanda zai rufa maka asiri in ka yi sakaci, kuma babu wanda zai ba ka girma don ubanka.

Ga mai shirin tafiya, ya fara da gyaran NIN da takardar asali aƙalla wata uku kafin lokacin da yake so ya tashi, domin su ne ba a iya hanzarta su. Kada ya tura kuɗi ga ƙungiyar da ta kasa nuna rajista da adireshi da mutumin da iyaye za su yi magana da shi ido da ido, kuma duk wanda ya ce a ɓoye wa iyaye ko a miƙa masa fasfo ya ajiye, a rabu da shi, a kuma sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. A bar kwafin kowace takarda a gida, a ajiye hotonsu a waya, a rubuta adireshin ofishin jakadancin Najeriya da ke Akra a takarda. Ga 'yan mata, ƙungiyar da na yi wa aiki takan saukar da su ne a gidan wata hajiya daban, kuma ya kamata iyaye su nemi irin wannan tsari a rubuce tun kafin a sayi tikiti. Sannan a lissafa ranar dawowa da abu biyu, wa'adin da aka buga a fasfo da kuma rajistar JAMB, wadda ake buɗewa a farkon shekara kuma dole mutum ya je cibiya da kansa a ɗauki hoton yatsunsa, babu mai yi masa daga nesa.